HARAJIN ZAƘI: LIKITA NE YA ZO, KO MAI KARƁAR LANHO NE CIKIN FARAR RIGA?

Masu iya magana sun ce zuma ga zaƙi ga harbi. A watan Yuli na 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta yi kira ga ƙasashe da su yi amfani da haraji su ɗaga farashin taba da giya da abin sha mai sukari da aƙalla kashi 50 cikin 100 kafin shekarar 2035. Kiran ya faɗo a daidai lokacin da taimakon ƙasashen waje ya ja baya, baitulmalin ƙasashen Afirka da dama kuma ya koma tamkar rijiyar bazara, ana zura guga ana jawo laka. Ba sai an je wurin mai duba ba kafin a san abin da zai biyo baya. Duk ministan kuɗin da ya kwana yana neman inda zai cike giɓin bidje, zai farka ya tarar an ajiye masa farar rigar likita a bakin ƙofa. In ya sanya ta, sai ya fito ya shaida wa jama'a cewa lafiyarsu ce ta hana shi barci, daga nan kuma ya miƙa hannu.

Nijar na cikin ƙasashen da wannan riga za ta yi wa daidai, domin kuwa tun daga juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da takunkumin da ya biyo bayansa, aka koma neman kuɗi a cikin gida ta kowace kafa. Don haka ya kamata ɗan kasuwar Maraɗi da ma'aikacin buro na Yamai su san kan zancen tun kafin a kawo musu shi a rubuce, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Kan zancen kuwa shi ne: haraji iri biyu ne ke amsa suna ɗaya. Akwai wanda aka gina don a rage sukarin da ke shiga jikin mutane, akwai wanda aka gina don a ƙara kuɗin da ke shiga asusu. Na farko in ya yi nasara kuɗin da yake tarawa raguwa suke yi. Na biyu kuwa ba ya rayuwa sai in mutane sun ci gaba da sha. Wanda ya ce zai jefi tsuntsayen nan biyu da dutse ɗaya, a tambaye shi wanne ya auna.

Ciwon gaskiya ne

Da farko, kada wani ya rufe ido ya ce ciwon sukari cutar Turawa ce ko ta masu tumbi. Wannan zance ya tsufa. Gwangwanin Coca-Cola mai santilita 33 na ɗauke da sukari giram 35, wato kimanin ƙwaya 6 zuwa 7 ta sukarin kwali. A 2015 OMS ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke samu a yini, abin da ya zo kusan giram 50 ga babban mutum, ta kuma ce in an sauko zuwa giram 25 ya fi. Ke nan gwangwani ɗaya da rabi ya cinye rabon yini ɗungurungum, tun ba a yi lissafin kokon safe da shayin la'asar ba. Mugun abin da ke tattare da sukarin da aka narkar a ruwa shi ne ba ya ƙosarwa. Mutum ya shanye kwalba biyu, ya zauna ya ci tuwonsa kamar bai sa komai a ciki ba.

A 2021 Ƙungiyar Ƙasa da Ƙasa ta Yaƙi da Ciwon Sukari ta ƙiyasta cewa manya miliyan 24 ne ke ɗauke da cutar a yankin Afirka, fiye da rabinsu kuma ba su ma san suna da ita ba. Wani bincike da mujallar Nature Medicine ta buga a Janairun 2025 ya danganta sababbin masu ciwon sukari miliyan 2.2 na shekarar 2020 da shan abin sha mai zaƙi, ya kuma nuna cewa a Afirka kudu da Sahara abin ya zarce mutum 1 cikin kowane 5 da suka kamu a shekarar.

Ma'aikacin gwamnati ba ya bukatar waɗannan alƙaluma kafin ya gane. Ya san yadda takardar magani guda take haɗiye albashi kafin 10 ga wata. Ya san wahalar ajiye allurar insulin, mai son sanyi, a garin da wutar lantarki ke zuwa kamar baƙo. Ya ga abokin aikin da ƙaramin rauni a yatsa ya kai shi ga yanke ƙafa, ya ga wanda idonsa ya dushe tun bai kai ga ritaya ba, ya ga gidan da aka sayar saboda wankin ƙoda. Duk mai cewa a bar kaza cikin gashinta, bai taɓa kwana a barandar asibiti ba.

Farashi na juya hannun mai saye

Hujjar da masu masana'antu ke fara jefowa a kowace ƙasa ita ce wai haraji ba ya hana mai sha sha. Abin da ya faru a ƙasashen da suka gwada ya ƙaryata su. A Janairun 2014 ƙasar Meziko, wadda take sahun gaba a duniya wajen shan lemun kwalba, ta ɗora peso 1 a kan kowace lita, abin da ya ɗaga farashi da kusan kashi 10 cikin 100. Masu binciken da suka bi sayayyar gidaje sun gano cewa sayen abin shan da aka yi wa haraji ya ragu da kusan kashi 6 a shekarar farko, ya ragu da kusan kashi 10 a ta biyu. A gidajen matalauta raguwar ta kai kashi 9 a 2014, ta haura kashi 14 a 2015. A daidai wannan lokaci sayen ruwan sha ya ƙaru.

Afirka ta Kudu ta bi sahu a Afrilun 2018, amma da wata dabara: ta bar giram 4 na farko a cikin kowace mililita 100 ba haraji, ta ɗora santi 2.1 a kan kowane giram da ya haura. Binciken da aka buga a 2021 ya nuna cewa yawan abin shan da gidajen birane ke saye ya ragu da kashi 29, sukarin da suke ɗaukowa daga cikinsa kuwa ya ragu da kashi 51. A lura da tazarar da ke tsakanin 29 da 51, domin a cikinta sirrin yake. Mutane sun rage sha, haka ne, to amma kwalbar kanta ma ta sake hali.

Darasin Ingila

A nan ne ya kamata ɗan kasuwa ya gyara zama. A watan Maris na 2016 ministan kuɗin Ingila na lokacin, George Osborne, ya ba da sanarwar harajin da ba zai fara aiki ba sai Afrilun 2018. An ɗora shi ne a kan mai masana'anta da mai shigo da kaya, an kuma yi masa matakai. Kamar yadda aka tsara shi da farko, abin shan da sukarinsa bai kai giram 5 a mililita 100 ba babu ko anini a kansa, daga giram 5 zuwa 8 a biya peni 18 a lita, daga giram 8 zuwa sama a biya peni 24. Wato an ce wa kamfani: ga ƙofa a buɗe, ga shekara biyu, rage sukari ka wuce kyauta.

Kamfanoni da yawa suka bi ta ƙofar tun kafin ranar ta zo. Gwamnatin da ta yi hasashen tara fam miliyan 520 a shekara, sai ga ta da kimanin miliyan 240 a shekarar farko, ba ta kuwa yi zaman makoki ba, don abin da aka nema ke nan. Rahoton hukumomin lafiyar ƙasar ya nuna cewa daga 2015 zuwa 2020 sukarin da ke cikin irin waɗannan abubuwan sha ya ragu da kashi 46 cikin 100, alhali yawan litar da aka sayar ya ƙaru da kusan kashi 21. Mai kanti bai rufe ba, direban da ke rarraba kaya bai rasa aiki ba, ciniki ma ƙaruwa ya yi. Sukari ne kawai ya yi asara.

To a kwatanta wannan da tsarin da ake bi a ƙasashen sefa. Ƙa'idar UEMOA ta 1998, wadda aka yi wa gyara a 2009, ta ba ƙasashe damar ɗora harajin musamman da ake kira aksiz har zuwa kashi 20 cikin 100 a kan abin sha marar giya, ban da ruwa. Amma da darajar kaya ake auna shi. A Nijar kuma ga TVA ta kashi 19 a bisa. Harajin da ke bin farashi makaho ne, ba ya ganin abin da ke cikin kwalba. A ɗauki misalin kwalba biyu: ɗaya mai arha, an cika ta da sukari giram 12 a mililita 100, ɗaya mai ɗan tsada, sukarinta giram 4. A wannan tsari mai giram 4 ce za ta fi biya. Mai masana'antar da ya kashe kuɗinsa ya rage sukari ba zai samu rangwamen ko dala ɗaya ba. Mai sayen da farashi ya yi wa nauyi kuma zai sauko ne zuwa mafi arha, wadda sau da yawa ita ce mafi zaƙi. In aka ɗauki wannan makahon haraji aka ƙara masa ƴan kaso, aka lanƙaya masa sunan lafiya, an yi wa jama'a rufa-ido, sun yi ta yi wa rogo kallon kitse.

Abin mamaki, ita kanta Faransa, wadda aka kwaikwayi tsarin harajinta tun zamanin mulkin mallaka, ta fara da harajin lita a 2012, sannan a 2018 ta gane kuskurenta ta koma auna yawan sukari. Masu saurin kwafo duk abin da aka rubuta a Faris, wannan shafin ne kaɗai ya ɓace musu?

Naira goma

Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Ba sai an tsallaka teku ba, darasi na biyu na nan a maƙwabta. A ƙarshen Disambar 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar kuɗin da ta ɗora naira 10 a kan kowace litar abin sha mai zaƙi a Najeriya, aka fara karɓa a tsakiyar 2022. Naira 10 a lita na nufin naira 5 a kwalba mai santilita 50. Tun a lokacin abin bai kai ya sa mai saye ya waiwaya ba, balle ya kusanci kashi 20 cikin 100 na farashi da OMS ta ce a 2016 shi ne ke rage sha sosai. Daga baya aka saki naira a Yunin 2023, dalar Amurka ta tashi daga kimanin naira 460 ta haura 1,500 a 2024, hauhawar farashi ta zarce kashi 34 cikin 100 a Disambar shekarar. Naira 10 ɗin nan ta narke kamar ƙanƙara a hannun yaro a watan Afrilu. Harajin bai duba yawan sukari ba, ba a ɗaure shi da hauhawar farashi ba, dokar kuma ba ta keɓe kuɗin ga asibiti ba. An samu sunan an yi, an samu tafi a taron ƙasashe, mai ciwo kuwa yana nan inda aka bar shi.

Iyaka mai kilomita 1,500

Faɗuwar naira ta jawo zancen da kowane ɗan kasuwa ke jira, wato zancen iyaka. Tsakanin Nijar da Najeriya akwai kusan kilomita 1,500, mafi yawansu gonaki ne da hanyoyin jaki da na babur. Wanda ya san Ɗan Isa da Jibiya, ko Ƙonni da Illela, ko Ɗan Barto da Kwangwalam, ya san cewa kaya ruwa ne, gangare suke bi. Ƴan ruwa-ruwa sun koyar da wannan shekara da shekaru: muddin fetur ya fi arha a ƙetare, kwalaben mai ba su taɓa ɓacewa daga bakin titin Damagaram ba, har bayan buɗe matatar SORAZ a 2011. Abin da ƴan duwan da jandarma suka kasa, janye tallafin man Najeriya a Mayun 2023 ya yi shi cikin ƴan watanni. Najeriya ta rufe iyakarta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, shinkafa ba ta daina ratsawa ba.

Ƙasashen da suka fi Nijar ƙarfin hukuma ma sun ɗanɗana. Danmak ta soke harajin lemun kwalbarta a 2014, bayan ta riƙe shi tun shekarun 1930, ɗaya daga cikin hujjojinta kuwa shi ne mutanenta na tsallakawa Jamus su yi sayayya. A birnin Filadelfiya na Amurka, inda aka fara haraji a Janairun 2017, cinikin abin shan a manyan kantunan birnin ya faɗi da kashi 51, amma ya tashi a kantunan da ke bayan iyakar birnin. Da aka haɗa lissafi, ainihin raguwar ta tsaya a kashi 38. Gaskiya ɗaya ce, kashi 38 ba ƙaramin abu ba ne, iyaka ba ta kashe harajin ba. To amma a can mai sha ne ke tuƙa mota ya fita nema, kuma ba kowa ke da lokacin yin haka ba. A Maraɗi kuwa kayan ne ke zuwa har ƙofar gida, a bayan babur, kafin asuba.

Wa zai biya ke nan? Ɗan kasuwar da ya yi rajista, yake biyan patanti, yake bi ta buron duwan da takardunsa a hannu. Shi da masana'antar cikin gida, wadda mai karɓar haraji ya san ƙofarta. Su ne za su ɗauki kaya, mai fasa-ƙwauri ya ɗauki riba, wanda ke tsaye a shingen hanya ya ɗauki na goro. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Mutanen Maraɗi ba su manta da masana'antun garinsu da kayan sumoga suka taimaka wajen durƙusarwa ba. Ƙarin bala'i, kwalbar da ta biyo daji ba wanda ya duba ranar lalacewarta, ba wanda ya san kwana nawa ta yi a rana. Sai a wayi gari harajin da aka ce na lafiya ne ya kori kayan da ake iya bincika, ya cika kasuwa da waɗanda ba a iyawa.

Wannan ba dalilin naɗe hannu ba ne. Dalili ne na zaɓen harajin da ya dace da ƙasa mai irin wannan iyaka. Haraji mai matakai irin na Ingila na ba masana'antar gida hanyar da za ta rage sukari ta tsira daga biya, farashinta ya zauna inda yake, mai sumoga ya rasa tazarar da zai ci. Makahon haraji kuwa tazarar yake faɗaɗawa, kamar an yi wa ɓarawo shimfiɗa.

Sukarin da ba ya cikin kwalba

Akwai kuma wata gaskiyar da masu kwafo tsarin waje ba sa son ji. A Meziko lemun kwalba abokin kowane abinci ne. A Nijar kuwa, ga mafi yawan jama'a, abin biki ne da suna da saukar baƙo. Sukarin yau da kullum yana cikin butar shayi. A leƙa kowace fada ta samari a Tawa ko Yamai, ko inuwar masu gadi a ƙofar ma'aikatu, a ga irin sukarin da ake antayawa a ƴar ƙaramar buta, daga na farko zuwa na uku, safe da rana da dare. A duba teburin mai shayi, inda ake zuba madarar gwangwani mai zaƙi sannan a bi ta da cokalin sukari. A duba koko da kunu da fura, a duba bisap da lemun citta da ake ƙullawa a leda ana sayarwa a ƙofar lakwal. Babu mai karɓar harajin da zai bi waɗannan, bai ma kamata ya bi ba, domin da su ne dubban mata ke ciyar da ƴaƴansu. Amma in kwalba ta yi tsada yaro ya koma ga ledar da ta fi ta zaƙi, an bar jaki ana dukan taiki.

Wani zai ce to a ɗora harajin a kan buhun sukari kansa, tunda kusan duk wanda ake sha a ƙasar daga waje ake shigo da shi. Mai wannan shawara ya tuna da 2005. A farkon shekarar, zamanin Shugaba Tanja Mamadu da Firayim Minista Hama Amadu, dokar bidje ta ɗora TVA ta kashi 19 a kan madara da garin alkama da sukari da ruwa da wutar lantarki. A watan Maris dubban mutane suka cika titunan Yamai a ƙarƙashin haɗin gwiwar ƙungiyoyin yaƙi da tsadar rayuwa, aka rufe kasuwanni a manyan garuruwa, aka kama jagorori, a watan Afrilu gwamnati ta ja da baya a kan mafi yawan kayan. A ƙasar da ake kai wa surukai da maƙwabta sukarin azumi, inda gwamnatoci suka sha sayar da shi da rahusa a watan Ramadan, ƴan siyasa kuma suka mai da shi abin neman ƙuri'a, buhun sukari wuta ne. Butar shayi sai dai wa'azi da wayar da kai: liman a mumbari, malamin lakwal a aji, ma'aikacin jinya a ɗakin awo, gidajen rediyo cikin harsunan ƙasa. Wannan aiki kuɗi yake ci, kuma a nan ne kuɗin harajin kwalba ya kamata su fara sauka.

Haka zancen ruwa. Mutanen Meziko da suka bar lemu, ruwa suka koma wa. Wanda aka ce ya bar zaƙi ya sha ruwa a Damagaram, garin da ƙishirwarsa ta zama abin ba da labari, yana da haƙƙin ya tambaya: ina ruwan? Gwamnatin da ta tsawwala farashin kwalba alhali famfon lakwal a bushe, ta hana ɗaya ba ta ba da ɗaya ba.

Hawayen kada

Ranar da aka taɓa wannan zance, za a ga manyan masu shigo da kaya sun zama lauyoyin talaka dare ɗaya, suna cewa haraji zalunci ne ga marar ƙarfi. In kura na maganin zawo ta yi wa kanta. Gaskiya ne dala biyar ta fi nauyi a aljihun lebura fiye da na darakta. Amma lemun kwalba ba gero ba ne, ba wanda yunwa ta kashe don ya rasa shi. Kuma idan ciwon ya zo, darakta na da asibitin kuɗi da jirgin zuwa Tunis ko Alƙahira, lebura kuwa sai ya sayar da akuyar matarsa, daga nan gona. Harajin da ya fi kowanne zalunci shi ne wanda ciwon sukari ke karɓa, shi ba ya ba da rasit, ba ya jin roƙo. Masu kukan nan in da gaske suke, su rage sukarin kayansu, su rubuta yawansa ɓaro-ɓaro a jikin kwalba, su daina kafa tallarsu a hanyar ƴan makaranta.

Ina kuɗin za su?

Saura babbar tambaya, wadda tarihi ya ba ɗan Nijar izinin yi da babbar murya. A 2006 aka ayyana magani kyauta ga yara ƴan ƙasa da shekara 5, aka ce asibitoci su yi aiki gwamnati za ta biya daga baya. Takardun neman biya suka taru shekara da shekaru, bashin ya kai biliyoyin sefa, ɗakunan magani da yawa suka koma kanta babu kaya, uwa ta zo da yaro a ba ta takarda a nuna mata hanyar farmasi. A Agustan 2024 mahukunta sun rage kuɗin jinya a asibitocin gwamnati da rabi. Mataki ne da talaka ya yi maraba da shi, sai dai rabin da aka yafe dole wani asusu ya ɗauke shi, in ba haka ba a maimaita 2006. Wanda maciji ya sara, in ya ga igiya sai ya yi tsalle. Ma'aikacin da ya yi watanni ba albashi a shekarun 1990 ya san cewa kuɗin da suka faɗa babban asusu kamar ruwan da aka zuba a rairayi ne. Ko a Afirka ta Kudu, duk da sunan lafiya da aka raɗa wa harajin, babban asusu kuɗin suka nufa.

Saboda haka, duk ranar da aka zo da wannan haraji, ga ma'aunin da za a ɗora shi a kai. Na farko, a auna shi da giram na sukari, a bar ruwa da madarar da ba a sa wa zaƙi ba, a bar duk abin shan da ya sauko ƙasa da ƙa'ida. Na biyu, a ba da wa'adi kafin a fara, yadda mai masana'anta zai gyara kayansa, mai shago ya sayar da abin da ya tara. Na uku, a tilasta rubuta yawan sukari a jikin kowace kwalba, ta gida da ta waje, a kuma tanadi ɗakin gwajin da zai kama maƙaryaci. Na huɗu, a rubuta a cikin dokar cewa za a riƙa sabunta kuɗin gwargwadon hauhawar farashi, don kada a yi irin ta naira 10. Na biyar, a kai zancen UEMOA don a gyara ƙa'idar da ke bin farashi, a kuma kai shi Hukumar Haɗin Gwiwar Nijar da Najeriya, wadda aka kafa tun 1971 mai mazauni a Yamai, don tazarar farashi kada ta zama gonar masu sumoga. Na shida, a buɗe wa kuɗin asusu na daban, a riƙa buga abin da ya shiga da abin da ya fita kowane wata uku, da wakilan ƴan kasuwa da na ƙwadago da na masu ciwon a cikin masu sa ido. A ga na'urar awon sukari a kowane ɗakin shan magani na karkara, a ga insulin da rahusa, a ga famfo mai ruwa a farfajiyar lakwal.

Gwamnatin da ta yarda da waɗannan sharuɗɗa ta yarda ke nan ta tara kaɗan, kuma abin da take tarawa ya riƙa raguwa shekara bayan shekara. Wannan ita ce shaidar likita na gaskiya, mai murna in layin marasa lafiya ya gajarta. Wadda kuwa ta ƙi su, ta rubuta a bidje cewa tana sa ran kuɗin harajin zaƙi su ƙaru baɗi, ta tona asirin kanta da alƙalaminta: addu'arta ita ce jama'a su ƙara sha. Irin wannan, ya kamata ƴan kasuwa da ma'aikata su ce mata cikin ladabi ta tuɓe farar rigar ta mayar wa masu ita, ta kira lanho da sunansa.

Allah ya sa masu kunne su ji.